Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Shekara goma sha tara ina ɗakinsa,
ban taɓa kama sunansa ba.
"Malam" nake cewa, ko in yi gyaran murya
daga bakin zaure, ya juyo.
Inna ma ba ta faɗa, ɗan farinta ne.
"Yaron nan" take ce masa har furfura ta fito.

Rijiya goma sha ɗaya ya haƙa
tsakanin Gunka da Aujara.
A ta sha biyu, yana gaba tara a ƙasa,
igiya ta tsinke da bokitin laka.
Samarin da ke ja suka ce ba su ji ihu ba,
shiru ne kawai ya taso daga ramin.

Jahun suka ce Dutse, Dutse suka ce Kano.
Bijimin huɗa ya tafi, buhun riɗi huɗu suka bi shi.
Aka ɗaga hoton kansa a gaban fitila,
likita ta sa yatsa kan wani farin tabo,
ta ce nan jini ya kwanta.
Ni ma na kwanta, kwana ashirin da uku,
kan tabarma, a barandar asibiti.

Gero na fidda kai muka dawo da shi.
Jikin nasa ne: kantar tafin hannu,
tabon diga a ƙauri, duk suna nan.
Kallon ne ba nasa ba,
kallon baƙon da mota ta sauke
a tashar da ba tasa ba.

Hannun dama ya ƙi aike.
Yana son ruwa, bakinsa ya ce "takalmi",
ya ji da kunnensa, ya yi jifa da moɗa.
Mutumin da ko akuya bai taɓa yi wa tsawa ba
ya zagi liman ranar da ya zo dubiya,
sannan ya kama rigarsa yana kuka.

Wasu suka ce mutanen rijiya ne suka shafe shi.
Ban yi musu ba. Rubutu da asuba,
farar ƙwaya da hantsi, rawaya bayan lisha.
Babban yaron ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya.
Zulai, 'yar aji biyu, ta zama malama:
tana jera masa gurjiya a faifai,
ɗaya, biyu, uku,
in ya kai biyar ta ba shi ɗaya ya tauna.

Ranar sallama likita ta ce mana,
"Ku riƙa kiransa da sunan yanka, kullum,
ku da ya fi sanin muryarku."
Inna ta ja mayafi ta rufe baki.
Sati guda babu wadda ta fara.

Ina madafa ina dama kunun tsamiya
na ji ta, can ƙasa-ƙasa,
kamar mai taka ƙaya da gangan:
"Isiyaku."
Shekara arba'in da huɗu yana maƙale a wuyanta.
Na bar kunun ya yi gudaji.

Da dare na gwada nawa.
Ya fito da nauyi, na ji kunya har tafin ƙafa.
Bai juyo ba.

Yanzu kullum nake zura shi kamar guga.
Wata rana ya dawo wayam,
wata rana da laka,
sau biyu tak ya zo da "Na'am".

Rijiyar tana nan a gaba tara,
an rufe ta da kwano da ƙayar magarya.
Jiya ina yanke masa farce
ya dube ni sosai, irin kallon da,
ya ce, "Ruwa ya fito?"

Na ce, "Saura kaɗan, Isiyaku.
Miƙo ɗaya hannun."