Sakataren 'Yan Albasa

Ranar da aka ɗora mana hula mai kusurwa huɗu a Akoka
ruwa ya tsare mu a bakin zaure.
Baba ya riƙe takardata da hannu biyu
kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai.
Ya ce, "Kimiyyar siyasa. To, Sadau,
a wace rumfa ake sayar da ita?"
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Shekara tara ke nan.

Folarin na koyarwa a ajin da muka sha gyangyaɗi,
ya ɗora digiri biyu a kan na farko,
gashin gaban kansa ne ya biya kuɗin.
Ebiere na Ikeja tana rubuta wa wani ɗan majalisa jawabi,
in ya yi tuntuɓe da kalma a talabijin
ita ke cizon leɓe.
Tanimu ya haye teku yana sa ido a zaɓen ƙasashen
da harshena bai iya sunansu ba.
Chidubem ya ce shi da siyasa haihata-haihata,
yana fitar da kwantena a Apapa,
kuma duk cikinmu shi kaɗai ya yi rufin gida.

Ni kuwa na kai takarda ofis goma sha ɗaya,
danfo ya san ni, gada ta san ni,
har mai gadi ya daina tambayar wurin wa na zo.
Na dawo kasuwar Mil Sha Biyu
ina ƙirga wa Baba buhu.

Sai shugaban 'yan albasa ya rasu da damina.
Kafin sadakar bakwai ƙungiya ta tsage,
mutanen Aliero gefe, na Kano gefe,
motoci shida a tsaye ba mai saukewa,
kaya na ruɓewa, baki na kumfa.
Na sayi littafin rubutu na 'yan firamare,
na kwana uku a kan buhu da fitilar waya.
Shafi bakwai, boko a hagu, ajami a dama:
wa'adi shekara uku,
in shugaba daga nan, ma'aji daga can,
kuɗin sauke kaya a karanta shi a fili duk Juma'ar ƙarshe.

Ba mu da takardar ƙuri'a.
Muka kafa tabarma, muka aje bokitin fenti a baya.
Jar albasa ta Ɗangaladima, fara ta Mamman Tsoho.
Ɗari biyu da sha huɗu. Ɗari biyu da tara.
Mamman Tsoho ya ce a sake ƙirgawa.
Na sake, hannuna na rawa.
Ya daɗe yana kallon tulin nan,
sannan ya ce a zuba masa fararen a buhu,
tunda dai nasa ne, uwargida ta yi miya.

Bana Folarin ya kawo ɗalibansa talatin su gani.
Suna rubutu suna share hawaye, iskar rumfa ta yi musu yaji.
Wata ta tambaye ni wane masani na bi.
Kafin in buɗe baki Baba ya ce daga kan benci,
"Ɗana ne. A nan yake sayar da ita."
Ya gyara hula, ya ƙara a hankali,
"Ciniki dai har yau da sauƙi."

Mota ta iso daga arewa, ƙwarya-ƙwaryar dare.
Na ɗauki biro na tafi ƙirga.