Igiyar da Graciete Ta Bari

Wata guda cur igiyar na rataye bayan ƙofa,
ja, mai 'yar ƙararrawa da ta daina magana.
Neblina kan zauna ƙarƙashinta da sassafe,
ta dube ta, ta dube ni,
kallon mai bin bashi da ya gaji da aike.

Ni Anselmo, shekara talatin ina fito a kogin Douro,
na ɗaure jirage a tsakar guguwa,
amma ɗamarar kyanwa ta gagare ni.
In sa ƙafar dama, ta zare ta hagu.
Yakushi uku na biya kafin mu sauka bene.

A Porto, titi na masu karnuka ne.
Kare, ka ce taho, ya taho har da rawar wutsiya.
Kyanwa kuwa ba a jan ta.
Na ja, ta zube a kan duwatsun hanya,
mage mai kwanciyar ɗaukar rai.
Yaron gidan burodi ya yi dariya har gari ya zubo daga rigarsa.
Na sassauta.
Sai ta miƙe, ta karkaɗe kunne, ta wuce gaba
kamar ita ta fito da ni shan iska.

Ashe tana da hanyarta.
Ba ta bakin kogi ba, inda ni zan nufa.
Hagu ta yi, lungun da ake shanya a sama,
zannuwan gado na ɗiga mana ruwa a ka.
A matakala ta sha ɗaya ta tsaya
tana shinshina wani tsagin bango, minti biyar.
Sai ƙofar mai kifi.
Dona Ermelinda ba ta tambaye ni komai ba,
ta yanke kan kifi ta ajiye a takarda,
ta goge ido da bayan hannu, wai albasa ce.
Babu albasa a shagon.

Daga nan sai wata koriyar ƙofa da ban taɓa lura da ita ba.
Neblina ta zauna, ta yi kuka sau ɗaya.
Taga ta buɗe.
Wata tsohuwa, idanu sun yi fari kamar nono,
ta miƙo hannu tana laluben iska:
"Graciete? Kin daɗe.
Jaridu sun taru, ba mai karanta mini."

Shekara arba'in da ɗaya muna raba bargo.
Na san tarinta, na san yadda take kife cokali,
ban san kullum ƙarfe tara
a wannan dakalin take ara wa wata idanunta ba.
Takan dawo ta ce, "Kyanwar ce ba ta sauri."
Ni kuma in ce, "Ai ke kika ɓata ta."

Maganar ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
Na faɗa dai.
Tsohuwar ta daɗe shiru,
hannunta a gadon bayan Neblina, yana zuwa yana dawowa.
Can ta ce, "Kai ne mai jirgin.
Ta ce muryarka kamar ana jan kujera a siminti.
Amma za ta yi."
Ta turo mini jaridar da ta kwana talatin.

Na karanta mata hasashen yanayin watan jiya,
ruwan da ya riga ya sauka, ya bushe.
Na manto tabarau, ina ta tuntuɓe da kalmomi.
Neblina ta naɗe igiyar sau biyu a idon sawuna,
ta yi barcinta.

Yanzu tara saura kwata muke fita.
Taku ɗari biyu, awa guda.
Likita ya ce wannan ba motsa jiki ba ne.
Har yau ban san me ke cikin tsagin bangon nan ba.
Nakan tsaya dai, igiya a sake,
in jira ta gama.