Littafin Kaka

Shekara uku na yi a Lanzhou ina koyon Larabci,
a ɗaki mai kallon Rawayen Kogi,
ina haddace fi'ilai kamar mai tsintar wake.
Ranar da aka kai kaka makwancinta a Linxia
kawunaina suka raba tukwane da barguna,
ni kuwa aka miƙo min littafi,
wai ai ni ce mai karatu.

Bangonsa shuɗin ƙyalle, ya sha maiƙo.
Na buɗe: ga ba, ga sin, ga mim ya naɗe wutsiya,
duk idon sani ne,
amma da na jera su sai suka ƙi gaisawa.
Ko kalma ɗaya ƙamus bai amsa ba.

Na kai wa Farfesa Shan.
Ya ɗaga tabarau, ya sauke,
ya ce, "Wannan ba Larabci ba ne, 'yata.
Je ki nemi wanda ya girme ni."

Motar asuba, ƙanƙara kwance a gonakin dankali.
Masallacin unguwarmu, rufinsa ya ɗage kunnuwa
irin na ɗakin ibadar maƙwabta,
sai dai jinjirin wata a can ƙoli.
A bayansa tsohuwa Min take zaune,
mai wankan gawa. Ita ta wanke kaka.
Ta haɗa min shayi a kofi mai murfi,
dabino biyu, dunƙulen sukari.
Ta ce, "Kada ki yi gaggawa,
zaƙin yana ƙasa."

Ta ɗora yatsa a layin farko,
ta bi shi daga dama,
sai ga Sinanci yana fitowa daga bakinta,
Sinancin kasuwa da bakin murhu,
wanda kaka ke kirana da shi in zo in ci taliya.
Ashe ajami ne.
Ashe harshen da na sha a nono ne
ya ari rigar baƙi, na kasa gane shi.

"Gari kwano biyu, mai ludayi ɗaya,
kada wuta ta yi yawa."
Gurasar sadaka ke nan, ta ranar tuna mamata.
"La mai ɗinki tana bina yuwan shida."
Sai farillan alwala, a jere.
"Bana an rufe masallaci.
Na yi salla a bayan buhuna. Allah ya gani."
Tsohuwa Min ta yi shiru a nan,
ta juya murfin kofi sau uku.

Can kusa da ƙarshe:
"An haifi jikata ranar Laraba.
Hancinta nawa ne, sai haƙuri.
Allah ya ba ta karatun da ban yi ba."

Karatun da ba ta yi ba!
Matar da ta cika shafi saba'in,
a takardun hukuma dangwale take yi,
tana cewa ita ba ta san baƙi ba.

An ce a nemi ilimi ko da a birnin Sin.
To ni a Sin aka yanke min cibiya,
na ɗauki jaka na tafi nema,
alhali yana ƙarƙashin matashin kaka,
yana ƙamshin soyayyen mai.

Yanzu kowace Asabar ina motar asuba.
Tsohuwa Min tana karantawa, ina maimaitawa,
tana dariyar hannuna mai rawa.
Jiya na kwaɓa gari, na ɗora kasko,
gurasar ta fito baƙa ƙirin.
Na sami sauran fili a shafin ƙarshe,
na fara daga dama, a hankali:
"Kaka, wuta ta yi yawa."