Ido Ya Riga Harshe

Gwaggo Yalwa ta Unguwar Sanusi
tukunya biyu take ɗorawa:
jan zoɓo a wannan, fari a waccan.
Sukari gwangwani uku-uku,
ni ke aunawa, ban taɓa rage ko cokali ba.

Amma in na kai Kasuwar Barci
jan ke ƙarewa kafin azahar.
Ɗanjummai tela ya kurɓi farin, ya yatsine:
"Yarinya, wannan salam yake.
Rowa gwaggonki ta koya?"
Na haɗiye magana, na miƙa masa canji.

Ranar da ya kawo mana ɗinki
yana zaure aka ɗauke wuta.
Na laluba, na cika masa kofi.
Ya sha, ya yi ajiyar zuciya:
"Yauwa! Ja ke nan, zaƙi har kunne."

Sai yara suka yi ihu, an kawo!
Kwan fitila ya leƙa cikin kofin,
ga sauran kurɓi, fari fat.
Ya daɗe yana kallonsa
kamar wanda aka yanke wa aljihu.

Washegari ya tsayar da ni, bai dube ni ba.
"Ba ni jan," in ji shi.