Yatsan Babana

Kaka ashirin da uku babana Durwe
ya tsaya gindin sikelin auduga a Pituwa,
biro a kunne, hula a karkace.
Manoma na jibge fari kamar an sauko da gajimare,
shi kuwa babban yatsan ƙafarsa ta dama
ya san wata 'yar kafa ƙarƙashin farantin ƙarfe.
Ɗagawa kaɗan, kilo biyu sun bi iska.
Da su aka rufa mana ɗaki da kwano,
da su na yi karatu a Garwa.

Da ya bar aiki, barci ma ya bar shi.
Ya sayi littafin lissafi, ya ja layi tsakiya:
hagu abin da na ci, dama abin da na mayar.
Shi ke share majami'a tun kafin carar zakara,
shi ke kaɗa tsohon wilin motar da muke kira ƙararrawa.
Ya hau keke har Bajuma neman waɗanda ya cuta,
ya tarar wasu ƙasa ta rufe musu ido,
wasu sun koma Lagdo su.
Hagu ta ƙi ramewa.

Sai ciwon sukari ya kama yatsan.
Ran da likita ya yanke shi
babana ya yi dariya a gado na shida:
"An kama ɓarawon. Sa min shi a dama."
Na sa. Ya tara, ya sake tarawa,
ya juya fuska ga bango.

Haka tsohuwa Fadanka ta same shi,
da kunun gyaɗa a kwano mai murfi.
Sunanta na hagu, shafi na tara.
Ta ce, "Durwe, yatsan nan na gan shi tun shekarar fāri."
Ya ce, "To me zan ɗora ranar awo?"
Ta ce, "Sauka. Wani ya riga ya hau.
Yesu aka auna, sunanka aka sa a takardar."

Ya miƙe zaune, robar ƙarin ruwa na lilo.
"Maguɗi ne! Ni na san sikeli.
Ba a auna audugar wani a biya wani."
"Ana yi," in ji ta, "in mai audugar ya ce a yi da bakinsa.
Gonarsa ce, guminsa ne, har da jini.
Kai naka miƙa hannu."
"Hannu wofi?"
"To da wane iri ake karɓa?"

Kwana uku yana kokawa da maganar,
yana jujjuya ta kamar jabun kuɗi.
Rangwame ne? Bashi ne da sabon suna?
Fasto ya zo ya ce ana kiranta barata.
Babana ya ce ba sunan ya dame shi ba, arahar ce.

Dare na huɗu aka ɗauke wuta.
Cikin duhu na ji ya ce, "To. Na yarda. Rubuta."
Na laluba biro, sannan na gane ba da ni yake ba.
Ya yi barci har hantsi,
har nas ta tsorata ta taɓa masa wuya.

Na zaci zai ƙona littafin. Bai ƙona ba.
Ya samu sanda, ya koma bin ƙauyuka yana ɗingishi,
sai dai ya daina tarawa da dare.
Na ce, "Baba, ba an biya ba?"
Ya ce, "Nawa aka biya. Wannan kuɗinsu ne."

Da damina ya rasu, auduga na fure.
Saura suna arba'in da ɗaya.
Gobe Lahadi, kasuwar Pituwa na ci;
in an tashi sujada zan nemi wani mai albasa,
an ce jikan Hamajam ne.
Sefa dubu goma sha ɗaya.