Kwana Tara

Kwana tara Sabi'u yana ihu,
yana buga kunci da bango.
Gangare kaf ta yanke hukunci:
"Ciwon nasa ne ya motsa."
Aka ƙaro tofi, aka ƙaro ƙwaya,
ba wanda ya ce buɗe baki mu gani.

Ni na gani, ranar da ya kurɓi koko
ya dafe muƙamuƙi.
Maganin kai ya busar masa da yawu,
turame biyu sun ruɓe, dasashi ya kumbura.

Mai keke na farko ya kalle shi ya wuce.
Na uku ya kai mu Lamingo.

Sista Kaneng ba ta yi gaggawa ba.
Ta ba shi ɗan madubin ya riƙe,
ta kau da fitilar da ya ce tana kiran sunansa,
ta ce, "In ka ɗaga hannu, likita zai tsaya."
Sau huɗu ya ɗaga.
Sau huɗu aka tsaya.

Muna komawa, baki cike da auduga,
ya nuna mai gasa masara a Taminus,
ya ce, "Yaya, jibi."