Gudumar Ubaldo

Ɗakin da na ajiye injinan ba shi da taga.
Fanka biyu, na'urar sanyi mai tarin tsofaffi,
da korayen fitilu goma sha ɗaya
masu ƙifta ido ba dare ba rana.
A cikinsu nake riƙon amanar mutanen Takwarembo:
shafin kantin magani, na masu gyaran tarakta,
da na Ubaldo Techera, mai gwanjon shanu.

Alhamis ɗin da ta wuce
mutum dubu da ɗari huɗu suka shigo kallo a tare,
wasu daga Salto, wasu daga ƙetaren iyaka.
Aka koro maruƙa gaban kyamara,
Ubaldo ya ɗaga guduma,
sai hoto ya sandare.
Minti biyu da rabi hannunsa na rataye a sama,
bakin maraƙi a buɗe, kukan bai iso ba.
Kafin hoto ya farfaɗo an sallama wa na kusa,
a kan kuɗin da ya sa mai shanun ya daina gaishe ni.

Yanzu takardu uku ne a teburina,
ƙoƙon shayin mate ya danne su kada fanka ta kwashe.

Ta farko ta ce: babu iyaka, Nelida, sha ki bari.
Na sa tabarau na sauka can ƙasa
inda rubutu ya koma kamar sawun tururuwa.
Ashe kwano ɗaya ne, hannu ashirin.
Da hantsi a ci a ƙoshi,
da dare in kowa ya dawo gida sai lasar yatsa.
Araha dai ba ta ado.

Ta biyu ta ce: gigabit guda, taki ke kaɗai.
Kuɗinta ya haɗiye hayar ɗaki
har ya leƙa kuɗin makarantar Irupe.
Kwana ashirin da takwas hanya za ta kwanta fayau,
ba mai wucewa sai mai neman maganin mura,
ni kuwa ina biya.

Ta uku 'yar lissafi ce.
Za su auna ni duk minti biyar, wata guda cur,
su jera awon daga gajere zuwa dogo,
su yafe kashi biyar na sama,
su caje ni a kan wanda ya biyo baya.
Na ɗauki biro. Kashi biyar na wata:
awa talatin da shida.
Gwanjon Ubaldo awa huɗu ne, sau biyu.
Na sake bugawa, haka ya fito.
Na yi dariya, injinan ne kaɗai suka ji.

Sai Wilmar ya shigo da laka a takalmi,
shi da ya shekara tara yana binne waya a gefen titi.
Ya duba takardun bai taɓa ba.
Ya ce, kin tambaye su ta ina suke ƙetare kogi?
Duk ukun, gada ɗaya, rami ɗaya.
Ranar da mai katafila ya yi kuskuren taku biyu
sunayen nan uku za su yi shiru tare.

Na zauna.
Mako guda ina gwada tsawon igiya,
ban duba rijiyar ba.

Na sa hannu a ta ukun.
Da canjin da ya rage muka sayi faranti biyu,
ɗaya a rufina, ɗaya a kan rumbun shinkafa
da ke hangen hasumiya ta wancan ƙetare.
Siririyar hanya ce, ba ta ɗaukar garke,
amma in dama ta ƙi, akwai hagu.

Yau Alhamis.
Layin da ke kan allona yana hawa kamar tozo,
ɗari uku, ɗari biyar, ɗari bakwai da goma.
Shayin ya huce ban kurɓa ba.
Ubaldo ya ɗaga hannu.
Na riƙe numfashi.

Ƙwas.
Har nan na ji ta.